Yadda Na Rasa Gangar Shela

Jiya da la'asar ina jin ku daga nan kan tabarmata. Ɗayanku ya ce shi da zaɓe har abada, tun da wanda ya sha rana dominsa ya faɗi. Wani kuma, wanda ya yi ta yawo da lasifika a bayan babur daga Dungas har Sassumbrum, ya ce shela ai ba sana'a ba ce, duk mai maƙogwaro zai iya. Ban tanka muku ba saboda akwai goro a bakina. Yau bakin babu komai, sai ku matso kusa.

Aikin farko da aka bar ni na yi ni kaɗai, na jaki ne. Wani manomi ya tsinci jakin a gonarsa yana cin harawar wake, ya jawo shi ranar kasuwa ya kawo wa Kawu Tanko. Kawu Tanko ƙanen mahaifiyata ne, shi ne mai shelar garinmu, kuma a hannunsa na koyi aikin. Ya miƙo mini ganga ya ce in je in gwada. Na hau kan suri a gefen mahauta, na buga, na buɗe murya na zayyana jakin nan tun daga kunne har wutsiya: launin toka, tsage a kunnen hagu, tabon igiya a ƙafar baya. Kafin in sauko, mutum biyu sun iso, kowanne yana rantsuwa nasa ne, kowanne yana karanto alamomin da na gama faɗa. Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce a kwance jakin a bi shi a baya. Jaki ya wuce su duka biyun bai ko dube su ba, ya je ya tsaya a ƙofar Inna Gambo mai ƙosai, wadda zazzaɓi ya hana ta zuwa kasuwa ranar. A hanyar komawa Kawu ya ce mini, in abu ya ɓata ka faɗi alamarsa duka, in kuwa tsintarsa aka yi ka rage ɗaya a bakinka.

Sai da na shekara ina ɗaukar masa ganga kafin ya yarda na ƙara buɗe baki. A shekarar nan na koyi cewa iska ake fara tambaya kafin mutane. Ka ba ta baya, ta ɗauki muryarka ta kai. In ka fuskance ta, kai da rigarka kawai kuke jin abin da kake faɗa. Ba a tsayawa kusa da maƙera, ba a fara magana lokacin da ake cinikin sa, don mai ciniki ba ya da kunne. Ba a shan fura mai sanyi da safen kasuwa. Citta da kanumfari ba sa rabuwa da aljihu. Ita ganga kuwa fatar akuya ce, da damina sai ta saki, sai ka shanya ta ka ja igiyoyinta, da rani kuma ka shafa mata mai kada ta tsage. Sandar kiɗa, gula muke ce mata, kai za ka sassaƙa abarka daidai tafin hannunka, ta wani ba ta zama maka.

Amma gangar ba tawa ba ce, ba ta Kawu ba ce. Ta gidan maigari ce, aro ake ba mu. Duk shelar da za a yi, ko ta ɓatan akuya ce, sai an je zauren maigari ya ce a yi. Dokar ɗaya ce tun kakanni: abin da aka aiko ka shi za ka faɗa, kuma ranar da ka buga ba da izini ba, to za a aiko a karɓe ta. Da gangar nan nake ci. Gonata ƙarama ce, hatsinta ba ya kai mu damina. Abin da masu biki da masu ɓatan kaya suke ba ni, ɗan gero, ɗan gyaɗa, wani lokaci ƙafar rago, shi ke riƙe da gidan.

Kiɗa iri-iri ne, kuma kowa a garin ya san su tun yana goye. Akwai na cigiya, mai sauri, wanda ke sa mata su leƙo. Akwai na gayya, wanda in samari suka ji ƙafarsu ke ƙaiƙayi, don ya nuna za a taru a yi wa wani aiki a sha fura a yi wasa. Akwai kuma na gwamnati. Shi wannan nauyi ne da shi, a hankali ake buga shi, kamar ana sassaƙa turmi. Duk saƙon da ya fito daga biron kumandan, ofishin Baturen mulki a Magarya, ya biyo ta hannun maigari, da shi ake buɗe shi. A zamanin Kawu, abin da ke biyo bayan kiɗan nan bai wuce a kawo samari aikin hanya, ko a kawo na soja, ko a fito da shanu a ƙirga, ko lokacin lanho ya yi ba. Lanho shi ne harajin kai. Mu kuwa iyaka tana kusa, wanda ya fita da hantsi zai yi azahar a ƙasar Ingilishi, kuma babu gidan da ba shi da dangi a can.

Kawu ya rasu, ganga ta dawo hannuna, aka daina ɗibar mutane aikin dole. Ana nan, a shekarun ƙarshe na mulkin Faransa, sai maigari ya kira ni ya ce an zo da sabon abu. Za a yi zaɓen wanda zai je ya zauna a majalisa a madadin ƙasarmu, kuma a wannan karon ba manya kaɗai ba, kowane baligi zai jefa ƙuri'a, har mata. Na tambaye shi, har matan Fulani na ruga? Ya ce haka tafinta ya faɗa. Na ce har wanda ba shi da ko akuya? Ya ce in daina tambaya in je in ɗauko ganga.

Cikin 'yan takara, mutum biyu aka fi ji. Ɗaya ɗan manyan gida ne, attajiran gyaɗa da masu sarauta suna bayansa. Ɗayan Mushe Isufu, malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malamai Mushe, siriri, mai keke. Shi ya zo garinmu ya tsaya a bakin tsohuwar rijiyar burtali, wadda ta rufta shekarun baya, ya leƙa ciki ya daɗe. Burtali ita ce hanyar da aka bar wa shanu tsakanin gonaki. Tun da rijiyar nan ta rufta, shanun rugage suka koma shan ruwa a ƙaramar rijiyar cikin gari, inda mata ke ɗiba. Kullum da rani sai an yi cacar baki, wani lokaci har a fasa tulu, sau ɗaya an fasa kai. Mushe Isufu bai yi alkawarin komai ba, ya ce dai in ya je zai yi ta faɗa har a gaji da shi. Wannan maganar ta shiga mutane. A kasuwa, daga masu nono har masu hatsi, sunansa kawai kake ji.

Babban mai goyon bayansa a garin Habu tela ne, saurayi mai zafin kai, wanda rumfarsa ta zama majalisar samari. Yana taka keken ɗinki yana lissafa rugage da unguwannin da suka ce suna tare da su. Ya ce mini, “Ilu, kai dai ka kira mana su. Sauran aikin an gama.”

Na kira su. Na bi kasuwarmu, na bi ta maƙwabta, na shiga unguwa-unguwa. Saƙon gwamnati ne, don haka da kiɗan gwamnati na buɗe shi, kamar yadda aka koya mini. Na faɗi rana, na faɗi wuri, na ce kowa ya zo da katinsa na zaɓe. Ban taɓa yin shelar da muryata ta fita tas kamar wannan ba.

Ranar zaɓe aka kafa rumfa a ƙofar maigari, aka kawo akwati, wani akawu ya zauna da takardu. Na tsaya a gefe da gangata. Mutanen gidan maigari suka jefa, fatake da masu awon gyaɗa suka jefa, Habu da samarinsa suka jefa. Daga nan sai shiru. Akawu ya yi ta korar ƙuda har rana ta karkata. Babu ko mutum ɗaya daga ruga, matan gari kuwa waɗanda suka zo ba su cika tabarma ba. Da labari ya dawo daga Magarya, Mushe Isufu ya faɗi.

Shekarar ta yi mini muni. Samari suka ce ni bakin maigari ne, da gangan na yi shelar yadda ba za a zo ba. Masu biki suka fara aika yara gida-gida maimakon su kira ni. Habu ya daina amsa gaisuwata. Ya ce mutanen garin nan matsorata ne, a kasuwa su yi maka rantsuwa, ranar aiki su shige ɗaka, shi zai ɗaure kekensa ya koma Kano, kuma ko a mafarki aka ce masa zaɓe zai juya kwanciya.

Ni kuwa abin da ya hana ni sakat daban ne. Ina mutane suka tafi? Na san garin nan, na san wanda ke ƙarya da wanda ba ya yi. Inna Gambo ta ce za ta zo, kuma matar nan ko bashin gishiri ba ta mantawa. Idan saye su aka yi, me ya sa ba su zo sun jefa wa wanda ya saye su ba? Idan tsorata su aka yi, wa ya yi, yaushe, ni da nake yawo a kowane lungu ban ji ba? Tambayar ta zauna mini a ƙirji, sai na ajiye ganga a ɗaka na fara yawo da ƙafa ina gaishe-gaishe.

Na sami Inna Gambo tana tuya. Na sayi ƙosai na zauna, muka taɓa hira, sannan na ce, “Inna, ranar ƙuri'a ban gan ki ba.”

Ta ce, “Ina can wajen 'yata, hayin Ingilishi. Ni da jikokina maza duka.”

“Ba ki ji shelata ba?”

“Na ji ganga.”

“To maganar da ta biyo baya fa?”

Ta juya ƙosai ta dube ni kamar na tambaye ta ko wuta na da zafi. “Ɗan nan, wa ke tsayawa jin maganar? Kafin ka buɗe baki na kai gida na ce yara su ɗaura wa jaki kaya. Ai wanda ya tsaya ji, shi ake fara gani.”

Na ce amma ai ta san da zaɓe, ita da bakinta ta taɓa cewa tana son Mushe Isufu. Ta ce ƙwarai, har yanzu tana son sa, jira take a kira su ranarsa. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa abin Mushe, mutumin kirki mai keke, zai zo da wannan kiɗan ba. Ita a ganinta abu biyu ne suka haɗu a mako ɗaya, na Mushe da na gwamnati, ta kauce wa na gwamnati.

Daga nan na nufi rugar Ardo Siddo, shugaban Fulanin da ke noma da kiwo a gabas da gari. Aka kawo mini nono, muka zauna a inuwar gawo. Shi ma haka. Sun kora shanu kudu tun ranar da na yi shela a kasuwa, ba su dawo ba sai da aka ce baƙi sun tafi. Ya ce, “Ilu, da kiɗan nan aka tafi da ƙanena aikin hanya. Rigarsa kawai aka kawo mana. Yanzu kuma ka ce wai in zo da kati, a rubuta ni, a rubuta matana. Wanda ya ƙirga mutum yau, gobe saniya zai ƙirga.”

Na dawo ina tafe ina mamaki. Shekara da shekaru ina hawa suri ina faɗin saƙon gwamnati, ina ganin kasuwa tana raguwa a gabana, na ɗauka haka kasuwa take. Ashe bayan mutane nake yi wa magana. Kawu bai taɓa gaya mini ba, ina jin shi ma bai lura ba, don a zamaninsa ko mutane sun ji ko ba su ji ba, dogarai za su bi su har gida.

Na je rumfar Habu na zauna ba a ce in zauna ba, na kwashe duka na gaya masa. Ya tsayar da keke. Ya ce, “Kana nufin ba ƙin mu suka yi ba?”

Na ce, “Ba su ma san an yi ba.”

Sai ya fara dariya, irin wadda ba ta da daɗi. Da ya gama ya ce an ce za a sake wani zaɓen ba da daɗewa ba, abu mai sauƙi ne, in ranar ta zo in buga musu kiɗan gayya, kowa zai fito da gudu.

Nan ne ku samarin yanzu ba ku gane ba, shi ma bai gane ba. Na ce masa kiɗan gayya alkawari ne. Wanda ya ji shi zai bar aikinsa ya saɓo fartanya, yana sa ran akwai aiki, akwai fura, kuma in tasa ta taso za a zo masa. In suka zo suka tarar da akawu da akwati, sau ɗaya za su zo. Daga ranar na kashe kiɗan gayya kamar yadda aka kashe na gwamnati, kuma duk tsohon da gonarsa ta fi ƙarfinsa ni na cuce shi. In ana son gayya, sai a nemo aikin gaske.

Habu ne ya ce rijiya. Ya ce tun da Mushe bai samu zuwa ya yi faɗa a kanta ba, me zai hana mu yashe ta da hannunmu.

Na tafi zauren maigari na durƙusa. Na fara roƙon a bar ni in sauya kiɗa in zaɓe ya zo. Ya ce kiɗan gwamnati tun kafin a haife ni yake, ba shi zai taɓa shi ba. Na kawo maganar gayyar rijiya. Ya daɗe yana murza carbi. Mutum ne mai sanyin hali, ba mugu ba, amma akwai na sama da shi. Ya ce wanda ya ci zaɓe ya aiko cewa shi zai gina rijiyar da siminti in lokaci ya yi, idan gari ya tashi ya yi da kansa, kuma yaran Mushe ne a gaba, za a ce an ci masa fuska, kuma kan maigari abin zai sauka. Ya ce, “A jira. Kai kuma, Ilu, ka san dokar ganga.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, na sani.”

Aka jira. Rani ya yi tsanani, aka sake fasa tuluna a ƙaramar rijiya. A wannan tsakanin Habu bai koma Kano ba. Shi da samarinsa suka bi gida-gida suna roƙon gero na fura, abin da ba su taɓa yi ba lokacin neman ƙuri'a, don a lokacin a rumfa suke zaune suna lissafi. Ardo Siddo ya ce nono nasa ne, ya kuma ba da igiyoyin fata da bijimai biyu na jan ƙasa. Aka samo wani tsohon mahaƙin rijiya daga wajen Waca ya zo ya duba, ya ce ruwan yana nan, yashi ne ya danne shi, sai dai a sake ɗaure bakin da itace. Komai ya haɗu, saura kira. Aika yara gida-gida ba ya tara gayya. Mutumin ruga ba zai baro shanunsa don maganar yaron tela ba, sai ya ji kiɗan da ya sani, daga hannun da ya sani.

Habu bai roƙe ni ba, na ba shi wannan. Ya dai zo ya zauna a ƙofar gidana ya ce gero ya taru. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba, ina da mata da 'ya'ya kuma rumbuna ya kusa ƙasa. Amma akwai abin da nake son in gani da idona: shin mutanen nan za a iya zaunar da su su ji magana har ƙarshenta?

Ranar kasuwa na duba iska, na hau suri, na saki kiɗan gayya. Kasuwa ta juyo gaba ɗaya. Na ce gayyar rijiyar burtali ce, jibi da sassafe, mai fartanya ya zo da ita, mai kwando ya zo da shi. Inda aka saba cewa maigari na gaishe ku, na ce mutanen gari da na ruga na gaishe ku. Dogarin maigari yana tsaye wajen masu goro, ya ji komai.

Ban taɓa ganin gayya irin wannan ba. Mahaƙin ya sauka da igiya a ƙugu, samari suna karɓar kwanduna hannu da hannu, bijimai suna ja, wasu suna saro itace, mata suna dama fura a manyan ƙore. Matar da aka fasa wa tulu da matar da ta fasa shi suna riƙe da ludayi ɗaya. Ni ina bakin rami ina kiɗa, ina kiran sunan duk wanda ya yi sanyi. Kafin azahar yashin da ke fitowa ya fara danshi.

Da aka zauna shan fura a inuwa, na tashi na tsaya a tsakiyarsu. Na ce akwai kiɗan da zan buga, babu dogari a bayansa, babu akawu, ina so kawai kowa ya riƙe ƙwaryarsa ya ji shi har ya ƙare. Sai na buga na gwamnati, a hankali. Na ga kafaɗu sun ɗaga. Wata mata ta jawo ɗanta, samari biyu na ruga suka miƙe tsaye suna duban kudu. Ardo Siddo bai motsa ba. Ya kai ludayi baki ya sha, ya ce musu da Fulatanci su zauna, suka zauna. Na kai kiɗan ƙarshensa na ɗora hannu a kan fata. Na ce yau shekara nawa ina buga wannan, yau ce rana ta farko da na gama na ga fuskoki.

Habu ya karɓa. Ya kifa ƙwarya ya ce ga akwati, ya tsinko ganyen gawo da na kalgo ya ce ga takardun 'yan takara, ya nuna yadda ake shiga a zaɓi ɗaya a jefa a fito. Tambayoyi suka yi ta zuwa. Wani ya ce in ka jefa za su san naka ne? Wata ta ce in miji ya jefa ganyen gawo, mata za ta iya jefa na kalgo? Aka yi dariya, mijin bai yi ba. Inna Gambo ta ce, “To in mun je mun jefa, Mushe ya sake faɗuwa fa?”

Habu ya ajiye ganyen. Ya ce, “Sai mu sake zuwa, Inna. Kafin nan kuma akwai hanyar kasuwa da ruwa ya cinye, tana jiran gayya.”

Da la'asar aka fito da gugan farko, ruwa ja wur da laka. Aka zuba wa bijiman nan biyu suka sha.

Washegari da hantsi dogari ya yi sallama a ƙofata. Mun yi wasan ƙasa tare da shi, bai iya duban idona ba. Ya ce, “Ilu, an ce in karɓo.” Na shiga na shafa mata mai, na ja igiyoyin, na miƙa masa. Gula ce kawai na riƙe, don ni na sassaƙa ta. Aka ba wa wani makaɗin gidan maigari gangar. Ni kuwa na koma tufkar igiya da ƙwadago a gonakin mutane, kuma daminar nan mun ci tafasa fiye da tuwo. Gangar ba ta sake dawowa hannuna ba.

Kada ku zaci labarin cin nasara nake ba ku. Da aka sake zaɓe Mushe Isufu bai ci ba, don ƙasar ba garinmu kaɗai ba ce. Abin da na gani da safiyar ranar shi nake so ku ji.

Ina zaune ina tufka sai na ji sabon mai shela ya fara kiɗan gwamnati daga ƙofar maigari. Hannunsa ya yi sauri, kuma ya fuskanci iska, amma kiɗan dai shi ne. Na ajiye igiya. Daga gidana ba a ganin hanya, sai na jingina tsani na hau kan rumbu, ni da girmana, don in ga ina mutane za su nufa. Hanyar kudu tana hannun hagu, ta ƙofar maigari tana hannun dama.

Da farko babu kowa. Can sai ga Inna Gambo ta fito, babu jaki, babu kaya, jikokinta maza suna biye da ita, suka yi dama. Sai wani gida, sai wani. Daga gabas kuma na hango mutanen ruga a jere a kan burtali, maza da sandunansu, mata da fararen zannuwa, babu saniya ko ɗaya tare da su. Ardo Siddo ne a gaba. Da ya zo daidai katangata ya ɗaga kai ya gan ni a kan rumbu.

Ya ce, “Ilu, me kake yi a sama?”

Na ce, “Kallo nake, Ardo.”

Ya ce, “Kai ba ka da kati ne?”

Ina da shi. Yana cikin tukunya tun zaɓen farko, ko lanƙwasa bai yi ba, don mai ganga a gefe yake tsayawa, ba ya shiga layi. Ardo ya dogara sandarsa, jama'arsa duka suka tsaya a bayansa cikin rana.

Ya ce, “Sauko, muna jiran ka.”